Makahon Ƙadangaren Bayan Rumbu

Ɗan farina ne ya samo shi, a ƙarshen damina, ranar da ake gyaran rumbunmu kafin a shigo da damman gero. Garinmu yana bisa dutse tsakanin Allakaye da Buza, kuma rumbunanmu na laka ne, a kan manyan duwatsu ake ɗora su. Ƙanen mijina yana yaɓe, yaron yana miƙa masa laka. Da aka janye wani dutse a gindin rumbun sai ga 'ya'yan ƙadangare sabbin ƙyanƙyasa, suka watse kowa ya kama gabansa. Ɗaya ne kawai bai gudu ba. Ya ɗaga kai yana juya shi dama da hagu, kaji kuwa sun riga sun nufo wurin. Yaron ya kife masa tafin hannu.

Ina bakin turmi ya zo wucewa da shi, na duba ba da niyya ba. Bai kai tsawon yatsana ba. Wutsiyarsa a karkace take. Inda idanu ya kamata su kasance fata ce a shafe, da 'yar lotsawa kamar an danna da kan tsinke. Na kawar da kai nan da nan, amma na riga na gani.

Yaron yana cikin shekara ta bakwai a lokacin. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin uwar mijina, wadda dukanmu muke kira Inna. Ita ke ba shi abinci, ita ke yi masa wanka, ita ke dukansa in ya yi laifi. Ni kuwa kunyar ɗan fari ta hana ni komai. Ba na faɗin sunansa, ba na ɗaukarsa, ba na yi masa magana a gaban mutane sai in aike ne. In ya faɗi ya fasa gwiwa ina ci gaba da dakana. Yaya yake kirana, yadda ya ji ƙannen ubansa suna yi. Haka uwata ta yi da yayana, haka kowace mace ta yi a garinmu, ban taɓa jin nauyin abin ba sai a wannan shekara.

Ya kai ƙadangaren wurin Inna, ta yi dariya har da tafawa.

"Maigida, wannan ce dukiyar da za ka aure ni da ita? Maza na kawo raƙumi, kai ka kawo ƙadangare, shi ma makaho."

"Ke ma ai ba ki gani sosai, tsohuwa, kuma ana ba ki hura."

Ta kai masa duka da ludayi, ya goce. Sai ta jawo hannunsa kusa da fuskarta ta duba da kyau, dariyar ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni. Ban gaya wa kowa ina da ciki ba, wata biyu ne da 'yan kwanaki, amma ita ta sani. Ta ce in shiga ɗaki in ɗauko mata wani abu da ba ta bukata.

Daga cikin ɗaki na ji sauran. Mai ciki ba ta kallon halittar da ba ta cika ba, ba ta yi mata dariya, don abin cikinta yana iya ɗauka. Kuma ba a kashe irin wannan a gidan da ke da mai ciki, wannan ya fi muni. Inna ta ce a kai shi daji a ajiye. Yaron ya ce in an ajiye shi a daji shirwa za ta ɗauke shi kafin a juya baya, kuma wanda ya kai shi ai shi ya kashe shi. Ya yi kuka, ta zage shi, ya ƙara kuka. A ƙarshe suka shirya: zai ajiye shi a bayan rumbu, inda ba ni da abin yi, cikin tsohuwar tukunya mai fasasshen baki, a rufe da faifai. Ranar da na gan shi, ranar zai bar gidan.

Tsakanin yaron nan da cikin da nake ɗauke da shi na binne biyu. Ban gaya wa Inna na riga na ga fuskar ba.

Na ɗauka kwana kaɗan zai yi ya mutu. Ƙadangare da ido yake farauta, sai abu ya motsa yake kai masa baki. Amma yaron ya samo hanya. Ban gani ba, ji na yi, don bayan rumbun bai da nisa da inda nake daka, kuma yana son yi wa abokansa bayani. Da yamma yakan cusa kashin shanu da guntayen kara cikin kasko ya yayyafa ruwa ya kife a ƙasa, yadda ake yi wa 'yan tsaki, da safe ya tarar gara ta cika. Sai ya ƙwanƙwasa gefen tukunyar da farce, ya ɗauki gara ɗaya a kan tsinke ya taɓa gefen bakin ƙadangaren. Gefe, in ji shi, ba gaba ba, in ka zo masa ta gaba tsorata yake yi ya ja da baya. Da farko sai ya buɗe bakin da siririyar ciyawa. Kafin a gama sussukar farko ƙadangaren ya gane, da ya ji ƙwanƙwasa sai ya ɗaga kai ya buɗe baki da kansa. Ruwa kuma ɗigo ake sa masa a kan hanci, ya lashe. Da hantsi yaron ya ja tukunyar cikin rana, in rana ta take ya mayar da ita inuwa, don shi bai san inda rana take ba. Yakan zauna da kara a hannu yana korar kaji.

Mijina ya tafi bida, wato ci-rani, can birnin Abija da an gama girbi, kamar kowace shekara. Gidan ya rage mu huɗu.

Duk safiya sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin nan a bayan rumbu, duk safiya kuma sai gabana ya faɗi. Da abin cikina ya fara motsi nakan ɗora hannu in yi ta tunanin fuskarsa. Ƙafa ina jin ta, gwiwar hannu ina jin ta, ido ne ba a ji. A bakin rijiya na koma kallon idanun 'ya'yan mutane har wata ta tambaye ni ko lafiya. Tsofaffi suna cewa mai ciki ta riƙa kallon abu mai kyau, sai na yi ta kallon ɗan maraƙin maƙwabta, mai manyan idanu. Na sa ƙanen mijina ya karɓo mini rubutu wurin malam, ban faɗa masa na mene ne ba, na sha. Da na rufe ido a salla sai shafaffiyar fatar nan ta zo.

Da sanyi ya shigo ƙadangaren ya daina ci. Na ji yaron yana gaya wa Inna ya kwanta kamar matacce. Raina ya yi sanyi, na ce Allah ya sa ƙarshen ke nan. Sai kuma tsoro ya kama ni, ko fatan mutuwarsa ma kamar kashe shi ne. Na yi istigfari ban san ko na wane laifi ba. Yaron ya riƙa ɗibar toka mai ɗumi daga murhuna yana zubawa kewaye da tukunyar. Nakan ga ya zo da kasko, sai in juya baya in bar masa wurin. Har na fara rage wuta da wuri don tokar ta huce daidai lokacin da zai zo. Ƙadangaren bai mutu ba.

Bazara ta zo, ƙyanda ta shigo gari. Mu dusa muke ce mata. Ta fara daga unguwar gabas, gida bayan gida. Maza suka riƙa wucewa ta ƙofarmu da 'yar tabarma a naɗe a hannun mutum ɗaya, ba makara. Aka hana yara fita, amma rijiya ɗaya muke sha, masallaci ɗaya. Wata safiya ban ji ƙwas-ƙwas ba. Na tsaya da taɓarya a hannu ina saurare. Sai na ji tari daga ɗakin Inna.

Aka sa yaron a ƙuryar ɗakin, aka saki tabarma a ƙofa don kada iska ta taɓa shi. Mai dusa ba a sa masa ruwa a jiki, ba a fitar da shi, jira ake yi ta fito duka ta bushe. Ta fito, jikinsa ya yi rudu-rudu. Ni ina waje. Ga kunya, ga tsohon ciki, ba wanda ya ma yi tunanin in shiga. Nakan dama kunu in kai bakin ƙofa in ce, "Inna, ya jikin mijin naki?" kamar wata maƙwabciya. Ta ce da sauƙi. Kullum da sauƙi.

Daga bakin wata mai sayar da daddawa na ji idanunsa sun kumbura sun rufe. Ta shiga ta gaishe shi ta fito tana gaya wa wata, ba ta san ina bayan danga ba. Na zauna a kan turmi. Wata shida ina tsoron abu ɗaya, ina gadin cikina, ban taɓa kawo wa raina ta wancan ɗakin zai shigo ba.

Inna tana sa masa kwalli da aka niƙa da wani sassaƙe, tana ɗiga masa nonon wata mai jego. In ta sa, ihunsa har waje. Ranan nan ta fito ta ce wa ƙanen mijina abin nan na bayan rumbu shi ya jawo, wata da watanni yaro yana leƙa fuskar da ba idanu, me ake tsammani. Ta ce in ya dawo daga ban ruwan dabbobi ya ɗauki tukunyar ya kai ta can bayan dutse, ko ya mutu ko ya rayu ba ruwanta. Sannan ta yafa zane ta tafi gaisuwar mutuwa a maƙwabta.

Ina tankaɗe kusa da bangon ɗakin na ji muryarsa, ta dishe.

"Yaya."

Ban amsa ba.

"Yaya, na san kina nan. Shina jin yunwa. Bai iya neman abinci ba."

Na ci gaba da tankaɗe, garin yana zuba ƙasa. Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce kaskon gara yana gindin dangar awaki, kuma ta gefe ake taɓa shi. Tun da aka yaye shi bai taɓa roƙona wani abu ba, ko ƙuli-ƙuli.

Na zaga bayan rumbu. Na ɗauki tukunyar da faifanta a rufe, na riƙe ta nesa da cikina iyakar tsawon hannuna, na shiga da ita ɗakina na tura bayan randa. Da ƙanen mijina ya dawo ya zaga, ya fito hannu wofi. Ya dube ni, na duƙar da kai. Na ji shi yana gaya wa Inna an kai.

Da rana ta take, gida ya yi tsit, na rufe ƙofa. Niyyata in ciyar da shi ba tare da na kalle shi ba. Na kawar da fuska, na ƙwanƙwasa tukunyar, na zura tsinke ina lalube. Gara ta faɗi. Na sake, ta sake faɗi, na ji yana ja da baya yana karce laka. Ba yadda za a yi a sami gefen bakin abu ƙanƙane haka ba a duba ba. Na yi bismilla, na dafe cikina da hannu ɗaya, na duba.

Ya girma, ya kai tafin hannu. Haƙarƙarinsa sun fito. Ya ɗaga kai daidai wajen da ƙarar ta fito, baki a buɗe, yana jira. Fatar tana nan a shafe yadda na san ta. Na taɓa gefen bakin, ya karɓa, ya haɗiye, ya sake buɗewa. Abin cikina ya juya a daidai lokacin, na kusa sakin tsinken in gudu waje. Na zauna har ya ƙoshi ya rufe bakinsa. Na ɗiga masa ruwa a hanci.

Haka na yi ta yi kullum. Rana kuma sai in jawo shi inda haske ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Ban saba ba ko kaɗan, kowace rana da tsoronta. Amma a duk gidan wannan ne kaɗai abin yaron da hannuna zai iya taɓawa.

Sai yaron ya daina ci. Saboda zafin maganin da ake sa masa, duk abin da ya doso fuskarsa sai ya kai masa duka, ko ludayi ne. Na ji ƙwarya ta faɗi, na ji Inna tana lallashi, tana zagi, tana lallashi. Ita ma ta rame, ba ta barci. Wata la'asar ta fito da ƙwaryar kunu a cike, ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ya ƙi ni." Sannan ta ajiye ƙwaryar dab da ƙafata, ta ɗauki buta ta zaga baya, ta yi zamanta can.

Na ɗaga tabarmar na shiga. Zafi da wari suka tare ni. Sai da idona ya saba da duhun na gan shi, a takure jikin bango, leɓɓansa sun tsage, idanun sun kumbura sun manne da ruwa mai kauri da baƙin kwalli. Ya ji motsi ya ɗaga hannuwa ya kare fuska.

Ban san me zan ce masa ba, ban saba yi masa magana ba. Na durƙusa, na ƙwanƙwasa ƙwaryar da farce. Ya tsaya cik. Na sake ƙwanƙwasawa, na kawo ludayin ta gefe a hankali na taɓa gefen bakinsa. Hannuwan suka sauka. Ya buɗe baki.

Ya sha kaɗan, ya huta, ya ce, "Kin iya." Can kuma ya ce, "Shina nan ke nan?"

Na ce, "Shina nan."

Ya sha fiye da rabi. Da zan fita ya ce in tsaya, yana son ya gwada. Ya sa yatsu ya ɗaga fatar idon hagu da ƙarfi. Na ɗan janye tabarma haske ya shigo. Baƙin idon ya koma fari-fari, kamar an ɗiga kindirmo. Ya tambaye ni ko dare ne.

Da magariba, bayan an idar da salla, na tarar da Inna da ƙanen mijina a tsakar gida, da mata biyu da suka zo gaisuwa. Na ce a kai shi likita, wato asibitin Buza. Matan suka dubi juna. Kowa ya sani a garinmu ba a kai mai dusa likita, allura tana mayar da ita ciki ta kashe yaro. Inna ta ce ta ga wanda aka kai da ƙafarsa aka dawo da shi a naɗe, ta faɗi gidansu, kuma gaskiya ne, na san gidan. Ta ce makaho mai rai ya fi mata mai ido a kabari. Ni ma tsoron allurar nake ji, har cikin ƙashina. Ban san wanne ne daidai ba. Abin da na gani a idon nan kawai na sani. Ɗaya daga cikin matan ta ce, da 'yar dariya, yaushe aka fara jin bakin uwa a kan ɗan fari.

Na ce, "Ɗana ne. Idon dama bai tahi ba tukuna."

Kunya ta rufe ni kamar na tuɓe zane a kasuwa. Sai Inna ta ce wa ƙanen mijina ya ba jaki ruwa da wuri.

Da asuba muka fita. Ba ya iya zama shi kaɗai a kan jaki, sai aka ɗora ni aka ɗora shi gabana, an lulluɓe shi da zane, bayansa a jingine da cikina. Ƙanen mijina yana jan igiya. Hanyar gangare ce, duk duwatsu. Ko'ina jakin ya yi tuntuɓe sai in ji kamar haihuwar ce ta zo. Mutanen da ke fitowa masallaci suka ga na rungume shi, wasu suka kawar da kai.

Da rana ta ɗaga zazzaɓin ya hau. Ya manta inda yake. Ya fara fizge-fizge yana kiran Inna, yana cewa wa ya riƙe shi, a sake shi, ina za a kai shi. Bai san hannuna ba. Saura kaɗan mu zube mu duka a kan duwatsu. Babu ƙwaryar da zan ƙwanƙwasa. Na sa bakina a kunnensa na kira sunansa, sunan da aka raɗa masa, wanda bai taɓa fita daga bakina ba. Ƙanen mijina bai waiwayo ba, ya dai ƙara sauri. Yaron ya lafa, ya saki jikinsa a kaina.

Mun yi tafiya mai nisa. Sai ya ce, "Yaya, wani na harbi na a baya."

Na ce ƙanensa ne. Ya ce a gaya masa ya bari, shi ba lafiya gare shi ba.

Mun isa bayan azahar. Mutane cike a inuwar ginin, yawanci mata da yara irin nawa. Lokotoron, wato likitan da ya duba shi, mutumin yamma ne, Hausarsa a karye. Ya wanke idanun da ruwa a hankali, ni ina riƙe da kan yaron, ya daɗe yana dubawa. Bai yi mana faɗa ba, na so ma a ce ya yi. Ya huda wata 'yar ƙwayar magani mai mai ya matse masa a baki, ya shafa wani a idanun. Da ya ɗauko allura na rufe nawa idon ina salati. Ya ce rai in Allah ya so zai tsaya. Idon hagu ya tafi. Na dama sai an gani.

Muka zauna gidan wata 'yar uwar Inna a Buza, kullum muna komawa. Allurar ba ta kashe shi ba. Tari ya ragu, ya fara neman tuwo, ya fara tsokanar 'yan gidan. Kumburin ya saɓe, idanun suka buɗe. Kowace safiya nakan fito da shi in tsaya gabansa ban ce komai ba, ina jira ya dube ni. Yakan juya fuskarsa wajen rana ya ce nan akwai haske, can babu. Iyakar abin da na dama ya rage masa ke nan, bai ƙaru ba har ƙarshen ransa.

A hanyar komawa ne na tuna da tukunyar. Na bar ta bayan randa, ƙofa a rufe, ban gaya wa kowa ba. Na yi ta neman yadda zan faɗa wa yaron.

Da muka shiga gida sai na ga tukunyar a ƙofar ɗakin Inna, cikin ranar la'asar, faifan a gefe. Inna tana duƙe a kanta da tsinke, fuskarta kusan cikin tukunyar saboda raunin idonta, tana ƙunƙuni tana ce masa ɗan banza mai cin rai. Ta ji kofaton jaki ta ɗago.

"Mijin banza, ka tahi yawon birni ka bar ni da baƙonka. Gara ta ƙare a garin ga saboda shi."

Ta taso tana magana, ta yaye zanen da ke kansa, ta ga idanun. Ta sauke shi da kanta ta zaunar da shi, tana ta shafa kansa. Ba ta taɓa tambayata yadda tukunyar ta shiga ɗakina ba, ni ma ban taɓa tambayarta abin da ya kai ta bayan randata ba.

Yaron ya ce a miƙo masa tukunyar. Ya lalubi bakin tukunyar, ya ƙwanƙwasa, ya zura yatsa a hankali har ya sami kan, ya bi shi zuwa gefen baki. Garar farko ta faɗi, ta biyu ma. Inna ta miƙa hannu za ta karɓa, ya ce ta bari.

Na haihu kafin ruwan farko, da rana, a ɗakina. Da na ji kukan na juya fuskata jikin bango, na kasa dubawa, na kasa tambaya. Inna ce ta karɓe ta. Sai ta ce mace ce, kuma ga idanu tar-tar tana bin kowa da kallo kamar jandarma. Sai a lokacin na juyo.

Washegari aka kawo yaron ya gaida ƙanwarsa. Aka ɗora masa ita a cinya. Ya bi fuskarta da yatsa, goshi, hanci, ya koma sama ya tsaya. Ta runtse, gashin idon ya taɓa yatsansa.

"Akwai?"

Ɗakin cike yake da mata. Na ce, "Akwai."

Ƙadangaren ya ƙara damina ɗaya, sanyi na biye ya kwanta bai tashi ba. Yaron ya haƙa masa rami a gindin rumbu da hannunsa. Inna ta tafi kabarinta tana cewa abin nan ne ya jawo, kuma ita ce ta fi kowa nema masa gara. Ni har yau ban yanke komai ba. Akwai yara da dusa ta cinye wa ido a garinmu shekaran nan, ba su taɓa riƙe ƙadangare ba. Na san haka, amma in na ga ɗan ƙadangare ya tsaya bai gudu ba, sai na canza hanya.

Shi kuwa ya girma, ya koyi tufkar igiya, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya masu ido. Muka koma yadda muke, yana ce mini Yaya, ni ina ce masa wannan, ban sake kiran sunan ba. Abu ɗaya ne bai koma ba. In na kai masa abinci sai na ƙwanƙwasa kwanon kafin in ajiye, ta gefen damarsa, ko a gaban wa. 'Ya'yansa sun ɗauka don ya san inda kwano yake ne.

Bara da bazara ya rasu, bayan gajeruwar jinya. Ranar da aka ɗauke shi mata sun cika gidan, na zauna a ƙuryar ɗaki ban yi kuka a gabansu ba, don ɗan fari ne.